Shafi Goma Sha Ɗaya

A Ƙaura, inda dogo ya gaji ya tsaya,
akwai wani benci bayan tsohuwar tasha,
ƙafarsa guda bulo ne.
Nan Lauwali mai auna kaya
yake buɗe littafin da ba shi da bango
in an sallame la'asar.

Wani injiniya ya manta shi a taragu
shekarar da gero ya yi tsada.
Takardar ta yi ja kamar an jiƙa ta da shayi.
Lauwali ya karanta layi a zuci,
ya ɗaga kai, ya juye mana shi da Hausa,
yana ƙara gishiri inda Bature ya yi rowa.

Birni ne aka raba da katanga
kamar gidan gado bayan rigimar 'yan'uwa.
Mutum mai suna uku,
fasfo huɗu a ƙasan akwati,
yana jiran wani a kan gada da tsakar dare,
dusar ƙanƙara na zuba masa a wuya.
Mu kuwa gumi muke sharcewa,
amma sai da kowa ya ja riga.

Na'Allah tela ya kamu.
Mako guda yana laluben kalmasar rigunan mutane
ko an ɗinke wasiƙa a ciki.
Ya samu ɓarin goro da kwabo biyu.

Isiyaku, da ya yi soja ya baro yatsu biyu a can,
ya ce, "Wagga ƙarya ce.
Mai leƙen asiri ba ya sa doguwar kwat.
Shi ne mai riga ka gaisuwa."
Amma kullum shi ke fara zuwa
ya kama gefen bencin da ba ya rawa.

Inno Tumba mai fura ba ta zama.
Tana damu, kunnenta na wurinmu.
Ba ruwanta da Rasha, ba ruwanta da Amurka,
matar mutumin take tambaya:
"Shekara tara tana dafa mishi,
ba ta san sunansa na yanka ba?"
Ranar ta zuba nono ya wuce kuɗinmu.

Sai littafin ya ƙare ba ƙarshe.
Shafi goma sha ɗaya babu.
Lauwali ya ce gara ce.
To wa ya sayar da mutumin kan gada?
Damina biyu muna gardama:
direban ne; a'a, ubangidansa ne;
wani ya ce matar ce,
Inno ta ɗaga ludayi, ya janye.

Yaƙin cacar baka ya mutu,
mun ji faɗuwar katangar a rediyo.
Jirgin ma ya daina zuwa.
Yanzu ba mai neman labarin,
don ya sauko daga takarda
ya shigo gari, ba kwat, ba fasfo.
In za ka faɗi ranar tafiyarka Gusau
sai ka duba wa ke kusa,
wa ke latsa waya.
Isiyaku ya rasu bai ji mun ce ya yi gaskiya ba.

Bara na je duba Lauwali.
Idon ya tafi, muryar na nan.
Ya sa jikarsa ta jawo adaka.
A ƙasa, ƙarƙashin takardun fansho,
wasu jajayen shafuka naɗe da zare.

"Ni ne garar," ya ce.
"Abokinsa ne. Wanda suke raba sigari ɗaya.
Na karanta da dare a hasken fitila,
na ƙirga mu a bencin nan ɗaya bayan ɗaya,
na ga wannan ba zan iya juya shi da Hausa ba."

Na riƙe su, ban kwance zaren ba.
A ƙofar gida wani ya yi sallama,
murya ce da muka sani tun yarinta.
Muka yi shiru, ni da shi,
kafin mu amsa.